Na'urar da ke mayar da allo sifika: Kafin mu cika kasuwa da ita, mu koya wa kafinta aikinta

Duk mai yawan leƙa YouTube ko TikTok ko Facebook a 'yan shekarun nan, da wuya a ce bai ci karo da bidiyon wata 'yar na'ura mai kama da murfin gwangwani ba. Za a manna ta a jikin tebur ko gilashin taga ko ƙyauren ƙofa, a jona mata waya, sai kawai ka ji kiɗa na fitowa daga jikin katakon. Turawa na kiran ta eksaita, wato mai girgiza abu. Masu tallar ta kuwa cewa suke yi duk wani abu mai faɗi da ke gidanka zai iya zama sifika.

Maganar tasu akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma rabinta suka faɗa. Kowane abu zai yi ƙara idan an girgiza shi, sai dai ƙara daban, sauti mai daɗin ji daban. Ingancin abin da kunne zai ji ya dogara ne a kan allon da aka manna wa na'urar: irin kayan da aka yi shi da shi, da kaurinsa, da girmansa, da yadda aka rataye shi. A nan ne nake ganin wannan fasaha ta shafe mu. Idan muka ɗauke ta a matsayin wani sabon kayan yayi da za a shigo da shi a kwali, za mu yi asarar kuɗi mu watsar da ita cikin shekara guda. Idan kuwa muka gane cewa rabin aikin na kafinta ne da mai gyaran rediyo, to akwai sana'a a ciki, akwai kuma maganin wata matsala da ta daɗe tana damun ajujuwanmu da zaurukan taronmu.

Yadda take aiki

Sifikar da muka saba da ita ta kai shekara ɗari. A 1925 ne wasu injiniyoyi biyu na kamfanin General Electric a Amurka, Chester Rice da Edward Kellogg, suka bayyana tsarin da har yau ake bi. Akwai maganaɗisu, akwai naɗin siririyar waya a tsakiyarsa, sannan akwai takarda mai siffar mazurari da ke manne da naɗin. Idan wutar sauti ta bi ta cikin wayar, sai naɗin ya riƙa yin gaba da baya, takardar ta bi shi tana tura iska, iskar ta iso kunne a matsayin sauti. Ana saka ta cikin akwati ne don iskar da ke bayan takardar kada ta zagayo ta kashe ta gaba.

Eksaita ita ce wannan sifikar bayan an cire mata takardar da akwatin. Maganaɗisu da naɗin waya kaɗai suka rage, sai wata 'yar ƙafa da ake mannawa a jikin allo. Bambancin shi ne allon ba ya tafiya gaba da baya gaba ɗayansa kamar takardar sifika. Lanƙwashewa yake yi kaɗan-kaɗan, girgizar tana bazuwa a jikinsa kamar yadda ruwan tafki ke yi idan an jefa tsakuwa, ta je gefe ta dawo ta haɗu da mai tahowa. Wani sashe na allon na yin gaba yayin da wani ke yin baya, ta yadda duk faɗinsa ke fitar da sauti, ta fuska da ta baya.

Mai karatu zai iya gwada asalin dabarar yanzu. Sanya wayarka a kan girgiza, ka riƙe ta a hannu a kira ka, da ƙyar na kusa da kai zai ji. Ajiye ta a kan teburin katako, duk ɗakin sai ya ji. Mayar da ita kan katifa, shiru. Wayar ɗaya ce, girgizar ɗaya ce, abin da aka ɗora ta a kai ne ya canza.

Masana sun daɗe da sanin haka. Tun a 1787 wani Bajamushe mai suna Ernst Chladni ya nuna cewa idan aka barbaɗa yashi a kan farantin ƙarfe aka goga masa izgar goge a gefe, yashin zai tsere daga wuraren da ke girgiza ya taru inda babu motsi, ya yi zane. Kowane amo da irin zanensa, kowane faranti kuma da amon da ya fi so.

Makaɗanmu sun san wannan

Ba sai mun je Jamus ba. Tsirkiyar goge ko ta garaya ko ta gurmi, in aka ɗaure ta tsakanin ƙusoshi biyu aka kaɗa, sautinta bai taka kara ya karya ba, domin ta yi siriri da yawa, ba ta iya tura iska. Abin da ke ba ta murya shi ne ɗan itacen da take hawa a kai, wanda ke kai girgizar ga fatar da aka shimfiɗa a bakin ƙwarya. Kuntigin marigayi Ɗanmaraya Jos gwangwani ne da fata da tsirkiya ɗaya, amma ya cika fage. Mai haɗa goge ya san wace fata ce ke amsawa, ya san cewa idan damina ta sa ta yi laushi sai an gasa ta, ya kuma san cewa matsar da ɗan itacen nan da faɗin yatsa ɗaya na canza muryar kayan.

Eksaita tana matsayin tsirkiya ne, allon kuma shi ne ƙwarya da fata. Kamfanin Yamaha na Japan ma ya ɗauki wannan kamanceceniya a zahiri. A jerin kayan kiɗansa masu suna TransAcoustic, yana manna irin wannan na'ura a cikin fiyano da jita, katakon kayan kiɗan da kansa ya zama sifika. Babu makaɗin da zai yarda a ce masa kowace ƙwarya da kowace fata za su yi goge. Don me za mu yarda cewa kowane bango zai yi sifika?

Darasin kamfanin NXT

Tarihin wannan fasaha a zamaninmu ya faro ne daga neman shiru. Wani masani mai suna Ken Heron, a cibiyar binciken harkokin tsaro ta Birtaniya, yana nazarin yadda za a rage ƙara a cikin jiragen saman soja. Sai ya lura cewa faifayen da ake rufe jikin jirgin da su, masu ƙarfi da rashin nauyi, suna yaɗa ƙarar ne fiye da yadda ake zato. Abin da ya zama matsala ga jirgi sai ya zama dabara ga masu sifika. An yi wa binciken rajista a farkon shekarun 1990, daga baya kamfanin Verity, mai sifikun Mission, ya karɓi izinin amfani da shi, kuma daga nan aka samu kamfanin NXT a tsakiyar shekarun.

An yi ta yayata cewa ƙarshen sifika mai akwati ya zo. Kamfanoni da yawa sun sayi lasisi, hannun jarin NXT ya yi tashin gwauron zabo a kasuwar Landan wajen shekarar 2000, sannan ya faɗo. An ƙera siraran sifikun kwamfuta da na ratayewa kamar hoto, amma jama'a ba su yar da akwatunansu ba. A 2010 kamfanin ya canza suna zuwa HiWave, daga baya kuma aka raba harkokinsa. Wani reshe da ya samo asali daga wannan aiki, mai suna Redux, shi ne Google ya saya a 2017.

Abin lura a nan shi ne fasahar ba ta mutu ba, alƙawarin da aka ɗora mata ne ya fi ƙarfinta. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Yau, bayan fiye da shekara ashirin, irin wannan alƙawari ne ke dawowa ta cikin gajerun bidiyoyi.

Inda ta yi nasara da inda ta gaza

A 2017 kamfanin Sony ya fito da talabijin ɗinsa Bravia A1, wanda gilashinsa ne ke fitar da sauti ta hanyar na'urorin da aka manna a bayansa. Amfanin a fili yake: muryar mai magana na fitowa daga inda fuskarsa take. Duk da haka sai da Sony ya saka sifika ta gargajiya a maƙallin bayan talabijin ɗin don ta ɗauki nauyin bes, wato amon nan mai kauri irin na ganga. A shekarar ne kuma kamfanin Continental na Jamus ya nuna tsarin sautin mota marar sifika, inda jikin ƙofa da rufi da sauran sassan cikin motar ke yin aikin. Kamfanin ya ce kayan sauti na babbar mota na iya kai kilo 40, kuma tsarinsa na rage nauyi da wurin da suke ci da kashi 75 zuwa 90 cikin 100.

A ɓangaren wayoyin hannu, LG G8 da Huawei P30 Pro na 2019 sun yi amfani da gilashin waya a madadin sifikar kunne. Google ya bi sahu a Pixel 5 a 2020, masu nazarin wayoyi da dama suka koka da sautin, sai ga shi a Pixel 6 ya koma tsohuwar hanya.

Idan aka duba waɗannan misalai za a ga abu guda. Duk inda abin ya yi kyau, injiniyoyi ne suka san allon ciki da bai, suka auna shi, suka zaɓi inda za su manna na'urar, suka kuma gyara sautin don ya dace da shi. Babu wanda ya ɗauki na'ura ya liƙa a inda ya ga dama.

Abin da mai talla ba zai faɗa maka ba

Na farko, allon da ke aiki shi ne mai ƙarfi amma marar nauyi. Siririn filawud na yi, haka farin soson nan mai tauri da ake hana zafi shiga gini da shi, har kwali mai kauri ma na taɓukawa. Gilashi mai kauri da katako mai nauyi suna cin wuta su ba da sauti kaɗan. Bangon bulo da siminti kuwa, ƙaramar na'ura ba za ta motsa shi yadda zai yi amfani ba. Kwanon rufi da ƙofar ƙarfe za su yi ƙara, amma da ƙaraurawa.

Na biyu, ba a manna ta a tsakiyar allo. Kamfanin Dayton Audio na Amurka, ɗaya daga cikin waɗanda suka fi shahara da sayar da ita, yana ba da shawarar a sa ta wajen kashi biyu cikin biyar na tsawo da na faɗi. Dalili kuwa shi ne tsakiya na tayar da wasu amo ta bar wasu, sai sautin ya fito da gurgunta. Allon kuma na son a rataye shi ko a riƙe shi da abu mai laushi. Idan aka kafe shi da ƙusa ta ko'ina, an shaƙe shi.

Na uku, bes ɗinta kaɗan ne, sai fa in allon ya yi girma ƙwarai. Mai gidan biki ko mai kiɗan DJ da ke son ƙirji ya riƙa amsawa, wannan ba kayansa ba ne.

Na huɗu, ba ta aiki ita kaɗai. Tana buƙatar amfilifaya kamar kowace sifika, kuma tana da iyakar wutar da za ta ɗauka. Yawancin waɗanda ake sayarwa daga 'yan wat kaɗan ne zuwa wajen wat 40. Wanda ya ƙure mata murya don ya cike gibin allon da bai dace ba, naɗin wayar zai ƙone.

Na biyar ya shafi yanayinmu. Da gam ake manna akasarinsu, ga nauyin maganaɗisu na jan su ƙasa, ga girgiza ba dare ba rana. A ɗakin da ke ƙarƙashin kwano a watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai, gam marar kyau ba zai daɗe ba. Filawud kuma na shan danshi da damina ya bushe da hunturu, ya kan lanƙwashe idan ba a shafe shi ba.

Na ƙarshe shi ne haƙƙin maƙwabci. Girgizar da ta shiga jikin gini ba ta tsayawa a ɗakinka. A gidan haya inda silin ɗaya ya ratsa ɗakuna uku, ko inda katako ne ya raba shago da shago, wanda ya manna na'urar a jikinsu ya mayar da ɗakin maƙwabcinsa sifika ba tare da ya nemi izininsa ba.

To ina amfaninta gare mu?

Matsalar sauti a wuraren taruwarmu ba rashin ƙarfi ba ce. Shiga babban aji a jami'a, ko zauren ɗaurin aure, ko cikin masallacin da aka yi wa tayil da siminti. Sau da yawa za ka tarar da manyan sifiku biyu a gaba an ƙure su. Na sahun gaba kunnensa na zafi, na baya kuma amsa-kuwwa kawai yake ji, ga makirfo na yin kuwwa jefi-jefi. A fili, duk lokacin da nisanka da sifika ya ninka, ƙarfin sautin na raguwa da desibel 6. Don haka sifikar da za ta kai ƙarshen zaure dole ta azabtar da na kusa da ita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa fiye da biliyan ɗaya na cikin haɗarin lalacewar ji saboda sauraron sauti mai ƙarfi, kuma jin da ƙara ta lalata ba ya dawowa. Najeriya na da dokar ƙayyade ƙara tun 2009 a ƙarƙashin hukumar NESREA, amma kowa ya san yadda ake bin ta.

Maganin da injiniyoyin sauti suka sani shi ne a rarraba ƙananan sifiku da yawa a cikin zaure, kowace tana magana a hankali da na kusa da ita. A nan allon eksaita ke da abin cewa. Muryar mutum na cikin zangon da ya fi iyawa, don haka rashin bes bai dame shi ba. Yana watsa sauti ta kowane gefe, ba kamar hon da ke harba shi wuri guda ba. Ba shi da takardar da za ta yage, ko ramin da ƙurar hunturu za ta cika. Ana iya fenta shi ya saje da bango, ko a yi masa zane ya zama allon sanarwa, wanda hakan kan rage kwaɗayin ɓarawo a makarantar da ba ta da mai gadi.

Sai kuma batun kuɗi. Idan ɗan kasuwa ya shigo da sifika daga Chana, yawancin abin da ya cika kwantenar akwati ne da iskar da ke cikinsa. Eksaita ɗari za su shiga kwali ɗaya. Sauran aikin, wato yanka allo, goge shi, shafe shi, rataye shi da jona waya, duk abin da ake iya yi ne a Kano ko Kaduna ko Maraɗi. Kuɗin da zai tafi waje ya ragu, ladan aikin ya tsaya a gida.

Wani zai ce ai ƙananan sifikun silin na gargajiya ma suna wannan aikin, ga su da araha, ga masu haɗa su sun san su. Wannan gaskiya ne, kuma a wurare da dama su ne za su fi dacewa. Akwai ma wata hujjar da ta fi wannan ƙarfi: a ɗakin da ya riga ya cika da amsa-kuwwa, allon da ke watsa sauti ko'ina na iya ƙara dagula lamarin idan aka ƙure shi. Babu na'urar da za ta maye gurbin labule da darduma da silin mai shan sauti. Abin da nake cewa shi ne a ba allon dama a gwada shi kafaɗa da kafaɗa da sauran, a ɗaki ɗaya, da murya ɗaya, sannan a bar kunne ya yanke hukunci. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Abin da ya kamata a yi

Kwalejojin kimiyya da fasaha da makarantun koyon sana'a su ne ya dace su fara. Ɗalibin injiniyan lantarki da ke neman aikin kammala karatu zai iya tattara kayan da ake samu a kasuwarmu, filawud mai kauri daban-daban, faifan silin, kwali, soso mai tauri, har da faifan kaba da ƙwarya, ya gwada kowanne da na'ura ɗaya. Wayar hannu da manhajar auna sauti sun isa a fara. Sakamakon a rubuta shi da Hausa a takarda ɗaya: wane allo, wane girma, ina za a manna, wane gam ke jure zafi. Wannan takardar ta fi tarin kundayen da ke shan ƙura a ɗakunan karatu amfani ga mai sana'a.

Ƙungiyoyin kafintoci da na masu gyaran kayan lantarki su ma su zauna tare. Kafinta ya san katako amma bai san wat ba, mai gyaran rediyo ya san wat amma bai san wane filawud ke lanƙwashewa ba. Ɗayansu ba zai iya aikin nan shi kaɗai ba. Kuma zai yi kyau a gayyaci masu haɗa goge da gurmi, domin kunnensu ya riga na kowa sanin allon da ke amsawa.

'Yan kasuwa kuma su faɗi gaskiya. Wanda ya sayar wa mutum na'ura da sunan za ta mayar masa da bangon siminti gidan rawa, ya ci riba sau ɗaya, ya kuma ɓata sunan kayan ga duk unguwar. Gara a sayar da ita haɗe da allon da aka gwada, a kunna wa mai saye ya ji.

Mai saye kuwa, kada ya biya kuɗi saboda bidiyo. Abin da ka ji a bidiyo ta sifikar wayarka ya fito, ba ta jikin allon ba. Ka nemi a kunna maka muryar mutum yana magana, ka tsaya kusa, ka koma nesa, ka matsa gefe. Idan kana fahimtar kowace kalma ba tare da an ƙure murya ba, kayan sun yi. Idan kuma za ka sa ta a gida, ka rataye allonka daban, ka bar silin da bangon da kake tarayya da maƙwabci.

Shugaban makarantar da ke shirin kashe kuɗi a kan manyan sifiku biyu a zangon karatu mai zuwa, ya fara gwada alluna huɗu a aji ɗaya na mako guda, sannan ya tambayi ɗaliban da ke zama a bencin ƙarshe abin da suka ji.